Ido, Wa Ka Raina? Malamin Mayahi Tsakanin Tafkuna Biyu

Duk wanda ya tashi a ƙasar Mayahi ko ta Tasawa ya san abin da ake nufi da tafki. Kwari ne da ruwan sama yake taruwa a cikinsa daga tsakiyar damina, yara su yi wanka, mata su yi wanki, makiyaya su shayar, magina su buga tubali a gefensa. Kafin hunturu ya fita ya koma taɓo, kafin bazara ta kankama ya tsattsage kamar faso. Dutse kuwa babu shi a ƙasar, sai jigawa da tudun rairayi, da gawo da aduwa jefi-jefi a cikin gonakin hatsi. Gulbin Kaba ma, wanda ya ratso ta Gazawa ya bi ta Kanambakashe ya wuce Mayahi, sunan gulbi kawai ya rage masa. Kwari ne na goruba, kuma daga kabar da ake yanka a cikinsa ana saƙa tabarmi da igiya ya samo sunansa.

A bakin wannan kwari aka haifi malamin da wannan labari ya shafa. Yau ya yi ritaya, yana zaune a Mayahi, yawancin yininsa a gindin bedin ƙofar gidansa. Shekara talatin da ƴan kai ya yi yana koyarwa a ƙauyukan gundumomin biyu, kuma a tsawon rabin waɗannan shekaru ya koyar da yara labarin tafkuna da duwatsun da shi kansa bai taɓa ɗora ido a kansu ba.

Tun yana kwaleji aka sa su haddace wata waƙar Faransanci ta Alphonse de Lamartine, wadda aka buga a 1820, game da tafkin Bourget da ke gindin duwatsun Alp. Ya haddace ta tsaf, ya karanta ta a gaban aji, ya samu maki mai kyau. Amma duk lokacin da bakinsa ya furta kalmar tafki, abin da zuciyarsa take hango masa shi ne kududdufin bayan garinsu, da jakuna tsaye a ciki. Da ya zama malami shi ma haka ya ci gaba da yi wa na bayansa. Ya zana dutse a allo kamar tulin hatsi, ya shafa masa farin alli a ka, ya ce wannan ita ce dusar ƙanƙara. Ya zana tafki a gindinsa da shuɗin alli.

Wata rana, a wata makaranta da ke tsakanin Tasawa da Mayahi, wani yaro ɗan makiyaya ya ɗaga hannu ya ce: "Mushe, wannan tafkin wane wata yake ƙafewa?"

Malamin ya ce ba ya ƙafewa. Ajin ya yi tsit. Yaron ya sake cewa: "To, ai mutanen wurin ba su da sauran wahala." Malamin ya amsa da abin da littafi ya faɗa, cewa mutane suna zuwa wurin ne don hutu. Yaran suka dubi juna, domin hutun da suka sani daban ne. A Nijar ana rufe makarantu a ƙarshen watan Yuni, a buɗe a watan Oktoba, wato daidai daga shuka zuwa girbi. Ɗan lakwal na ƙauye yana ajiye alƙalami ne ya ɗauki hauya. Idan ya dawo aji, kantar hannunsa ce shaidar inda ya yi hutunsa.

Bahaushe ba baƙon tafiya ba ne. Yana da fatauci, yana da cin rani, yana da yawon neman ilimi, yana da zumunci, yana da ziyara, yana da aikin hajji. Sai dai kowace daga cikin waɗannan tana da abin da aka fita nema, kuma wanda ya fita ba da dalili ba akan ce ya shiga yawon duniya, wanda ba yabo ba ne. Saboda haka maganar a ce magidanci ya kwashi iyalinsa, ya biya kuɗin mota da na masauki don kawai ya zauna yana kallon ruwa, ba ta shiga kan yaran ba. Shi ma malamin, in za a faɗi gaskiya, ba ta shige shi ba.

A gindin duwatsu

A farkon shekarun 2000 wata ƙungiyar malamai ta Faransa, mai ƙawance da makarantun yankinsu, ta gayyaci wasu malamai zuwa wani horo na ƴan makonni, sunansa ya fito a ciki. Da aka ƙare horon, wanda ya sauke shi, wani dattijo tsohon malamin labarin ƙasa, ya ce ba zai koma gida ba sai ya kwana a bakin tafkin Annecy.

Cikin watan Agusta ne. Sun bi ta gefen tafkin Bourget, wanda ya haddace waƙarsa shekaru talatin da suka wuce, ya leƙa ta tagar mota ya gan shi kwance shuɗi a ƙarƙashin dutse, bai iya cewa komai ba. Da la'asar suka isa Annecy. Tsawon tafkin ya kai kilomita 14, faɗin samansa kimanin hekta 2,700, zurfinsa a wani wuri ya haura mita 80. Ta gabas wani dutse mai suna La Tournette ya tokare sama, tsayinsa mita 2,351. Malamin ya yi lissafi a zuci: rijiyar ƙauyensu gaba talatin ce, mata uku ke haɗuwa su ja guga ɗaya, ga shi nan ana gaya masa za a jefa wannan rijiya tsaye cikin ruwan nan ta nutse, a nemi bakinta a rasa.

Suka kafa tanti a wani fili da aka keɓe don masu kwana a waje, inda ake biyan kuɗin kowane dare. Maƙwabtansu ba attajirai ba ne. Akwai direban jirgin ƙasa da matarsa, akwai ma'aikaciyar asibiti da ƴaƴanta biyu, akwai tsofaffi da suka ce shekara ashirin ke nan suna dawowa gindin itace ɗaya. Da safe wasu su hau keke su bi tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da aka mayar ta masu keke, wasu su shiga kwalekwale, wasu su ɗaure jaka a baya su hau dutse. Daga wata ƙofar dutse da ake kira Forclaz samari suna dirowa da laima, suna shawagi a sama kamar shirwa. A can bisa tudu ya tarar da shanu masu ƙararrawa a wuya, aka ce masa da zafi ake hawa da su, da sanyi a sauko, kuma daga nononsu ake yin cukun wurin. Wannan kam ya gane shi nan take, don haka Fulanin ƙasarsu suke yin arewa da damina su dawo bayan girbi.

Abin da ya fi damunsa a kwanakin farko shi ne ganin ruwa mai daɗi, garai-garai har ana hango tsakuwar ƙasansa, babu mai ɗiba, babu mai shayarwa. Yakan kawar da kai daga masu wanka saboda ƙarancin suturarsu, ya nemi wani lungu a cikin ciyayi ya yi alwala. Ranar farko da ya tsoma hannu sanyin ruwan ya ratsa shi har ƙashi, ya tuna da matarsa da ƴaƴansa mata da ya baro suna sammakon rijiya, sai ya ji kamar ya ci amanarsu.

Ya faɗa wa mai masaukinsa haka. Dattijon ya ce: "Abokina, kada ka ɗauka haka muka gaji abin nan." Sannan ya ba shi labari biyu.

Na farko game da hutun ne. Kafin 1936 talakan Faransa bai san hutu da albashi ba. Masu hali ne kawai suke zuwa bakin tafki. A wannan shekara gwamnatin Léon Blum ta kafa dokar hutun mako biyu ga kowane ma'aikaci, aka yi ta ƙarawa har ya kai mako biyar a 1982. Na biyu game da ruwan ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu tafkin ya kama hanyar mutuwa, saboda ƙazantar garuruwa da otal-otal da ke kewaye da shi duk a cikinsa take ƙarewa. Gansakuka ta yi yawa, kifayen da ke son ruwa mai tsabta suka ragu. Wani likita mai suna Paul Servettaz, wanda yake nutso a tafkin yana ganin abin da ke faruwa a ƙasa, ya dinga yi wa hukumomi da jama'a kashedi. A 1957 ƙananan hukumomi takwas suka haɗa kai suka kafa ƙungiya ɗaya, suka shimfiɗa bututun da ya zagaye tafkin yana kwashe ƙazantar zuwa matata. Aikin ya ɗauki shekaru masu yawa da kuɗi mai yawa. Yau ana lissafa tafkin cikin mafi tsabta a Turai.

Dattijon ya ce: "Waɗanda suka yarda aka ɗora musu harajin wannan aiki, mutane ne da suka yi wanka a nan suna yara. Da ba su san shi ba, da ba su biya ba." Ya yi shiru kaɗan, sannan ya tambaya: "Ku fa, kuna da tafki a jiharku?"

Malamin ya amsa da sauri, har da ɗan alfahari, ya ce akwai tafkin Madarunfa, kudu da Maraɗi, wanda ba ya ƙafewa rani da damina. Dattijon ya gyara zama ya ce ya siffanta masa shi: wane launi ne ruwansa, waɗanne itatuwa ne a bakinsa, wane kifi ake kamawa, daga ina ruwan yake shigowa. Malamin ya buɗe baki ya rasa abin faɗi. Ya sha zuwa Maraɗi karɓar albashi da taron malamai, daga Maraɗi zuwa Madarunfa kuwa bai kai kilomita 30 ba, amma bai taɓa taka wurin ba. Ya san zurfin Annecy da tsayin La Tournette, bai san ta inda rana take faɗuwa a tafkin jiharsu ba. A daren nan barci bai ɗauke shi da wuri ba. Karin maganar da ta dinga yi masa yawo a kai ita ce wadda ake tambayar ido wa ya raina, ya ce wanda yake gani yau da gobe. Shi nasa ma ya fi haka muni, don ya raina abin da bai ko gani ba, saboda kawai na gida ne.

Abin da Inna ta sani

Da ya dawo ya je gaida mahaifiyarsa a ƙauye. Bayan an gama barka da sauka ta ce: "To, Malam, me ka gano a ƙasar Nasara?"

Ya ce: "Inna, na ga mutane suna biyan kuɗi su kwana a bakin ruwa, ba su sha, ba su ɗiba, kallo kawai."

Ya zaci za ta yi dariya. Sai ta ce ai wannan ba sabon abu ba ne. Tana yarinya kakarta ta taɓa bin ayari zuwa Madarunfa ziyarar kaburburan waliyyai, suka yi kwanaki a hanya bisa jakuna, suka kwana uku a bakin tafkin. Da ta dawo ta zo da busasshen kifi da ruwan tafkin a cikin ɗan gora, kuma har ta rasu, duk lokacin da rani ya tsananta, labarin wannan ruwa take ba jikokinta. "Ta ce tun da ta ga ruwan nan ta daina jin tsoron rani kamar da," in ji tsohuwar, "don ta san akwai inda Allah Ya ajiye shi."

Nan malamin ya gane cewa abin da ya je Turai ya gani yana da ɗan'uwa a gida, sunansa ne kawai ya bambanta. Mutanen Madarunfa suna riƙe da cewa waliyyai 99 ne ke kwance kewaye da tafkin, kuma tun kaka da kakanni ake zuwa musu ziyara daga nesa. Mai ziyara ya bar aikinsa, ya yi tafiya, ya kwana a waje, ya ci abincin da ba na gidansu ba, ya ga ƙasa, ya dawo da labari. Makarantar boko ce ta zo ta koya wa yara sunayen kogunan wata nahiya, ba ta tambayi kakanninsu inda suka taɓa zuwa ba.

Kwana biyu a Madarunfa

Shawara ta yanke masa cewa sai ya kai ɗalibansa. Abin bai zo da sauƙi ba. Yunwar 2005, wadda ta fi tsanani a jihar Maraɗi, ta sa dole aka jingine maganar, don ba a yi wa mai neman abin da zai ci tayin buɗe ido. Da abubuwa suka lafa ya sake tayar da ita. Wani babba a wurin aiki ya ce ba ya cikin tsarin karatu, kuma in wani abu ya faru malamin ne zai ɗauka. Iyaye maza suka ce ba su ga amfanin ba. Iyaye mata suka kawo maganar mutanen ɓoye da ke cikin ruwa, da maganar kwanan ƴaƴa mata a wani gari. Limamin garin ne ya warware, da ya ce tafiya a bayan ƙasa don ganin ikon Allah abu ne da addini ya kwaɗaitar, ya kuma ba da jaka biyu daga aljihunsa. Aka yarda malamai mata biyu da wata dattijuwa daga ƙungiyar iyaye su raka ƴan matan. Kowane gida ya kawo tiyar hatsi ko ta wake, aka sayar da rabi aka yi kuɗin mota, rabi aka yi guzuri.

Lokacin da ya dace shi ne ɗan hutun ƙarshen Disamba: an gama girbi, rumbuna da sauran albarka, tafkin bai ja baya sosai ba, zafi kuma bai shigo ba. Suka tashi da asuba cikin hazo, yara 32, suka faɗa babbar hanyar da ta taso daga Damagaram, suka ratsa Maraɗi, inda da yawansu suka fara ganin bene, suka yi kudu. Tun kafin su isa ƙasa ta sauya: itatuwa suka ƙara tsawo da kauri, ga kuka, ga kanya, ga tsamiya, ga lambuna kore shar a cikin kwari.

Da motar ta tsaya yaran suka sauko da hayaniya, amma da suka hango ruwan sai kowa ya yi shiru. Ba shuɗi ba ne kamar na allo. Launin kunun kanwa ne, iskar hunturu tana tura shi yana marin gaɓa. Babu dutse a bayansa, sai manyan kukoki tsirara, da garken kirinjijiya da ya tashi gaba ɗaya yana kuka, da zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya. Can ciki masunta suna kife bisa manyan goruna suna iyo da hannu, wasu a kwalekwale suna jefa birgi. Idan ya cika, faɗinsa yakan kai kimanin hekta 800, wato bai kai sulusin Annecy ba, zurfinsa kuma ƴan mitoci ne. Amma malamin ya ce ko a gindin La Tournette ƙirjinsa bai buga kamar yadda ya buga a nan ba.

Wata yarinya ƴar shekara goma sha biyu, wadda kullum sai ta yi sawu uku a rijiya kafin ta zo aji, ta matso kusa da shi ta ce a hankali: "Mushe, duk wannan na waye?" Ya ce na Allah ne, sannan na mutanen ƙasar nan ne, har da ita. Ta durƙusa ta tsoma tafin hannunta, ta daɗe ba ta cire ba.

Ya hana su wanka saboda tsargiya, ya bayyana musu yadda ƙwayar cutar take zama a jikin dodon koɗi ta shiga fatar mutum, wanda ya zama darasin farko. An ba su aron azuzuwa biyu a wata makaranta kusa da ruwan, suka shimfiɗa tabarmi. Da dare aka hura wuta a fili, aka soya karfasa da tarwaɗa, aka ci da tuwon da suka tuƙa da kansu.

Wani tsohon masunci ya zo ya zauna da su. Malamin ya ce: "Baba, yaran nan daga ƙasar Mayahi suke, ba su taɓa ganin ruwa irin wannan ba. A gaya musu yadda yake a da."

Tsohon ya nuna wata kuka da ke nesa da gaɓa, ya ce yana saurayi a gindinta yake ɗaure kwalekwalensa. Ya ce Gulbin Gabi ne ke zuba wa tafkin, Gulbin Maraɗi kuma ya ƙara masa idan ya yi ambaliya. Da aka sassare itatuwan tudu aka nome har bakin ruwa, sai kowace damina gulbi ya zo da yashi ya zube a ciki, tafkin yana cikewa daga ƙasa ba a gani. Ya ce ambaliyar ma ta ragu tun da aka datse ruwan a Najeriya. Ya ƙara da laifin masunta su kansu, masu sa koma mai ƙananan idanu su kwashe uwa da ƴaƴa. "Malam," in ji shi, "manya suna zuwa da motoci su yi jawabi su tafi. Yara ne ban taɓa ganin an kawo ba sai yau."

Washegari malamin ya shimfiɗa taswira a ƙasa ya nuna musu abin da tsohon yake nufi. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina ya taso, inda ake kiransa Gada, ya shigo Nijar, ya yi baka, ya sake komawa Najeriya ya haɗu da Rima. A kansa aka gina madatsar Jibiya wajen 1990. A wannan shekara kuma, ranar 18 ga Yuli, ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan kogunan da suka haɗa su, har da wannan. Yaran da suka sha wahalar haddace ma'anar iyaka da yarjejeniya suka gane su cikin rabin sa'a, don ga ruwan a gabansu, ga kuma wanda rayuwarsa ta rataya a kansa. Suka auna tazarar da ke tsakanin kukar da gaɓa da taki, suka ƙirga tsuntsaye, suka tambayi sunan kowane kifi. Suka kai ziyara wasu daga cikin kaburburan, suka yi addu'a. Kafin su hau mota ya sa kowa ya rubuta abin da ya gani, ya ce wanda ya ga dama ya rubuta da Hausa. Yaran da ba su taɓa cika layi biyar da Faransanci ba suka cika shafi biyu.

Abin da ya rage

Sau huɗu ya sake yin wannan tafiya kafin ya yi ritaya. A tsakanin nan sunan tafkin ya ƙara fita. A 2006 Nijar ta sa shi, tare da dajin da ke kusa da shi da kaburburan waliyyan, cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya. A 2019 aka shigar da shi cikin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar ta 1971 take karewa. Malamin ya yi murna da duka biyun, amma yakan ce takarda ba ta kwashe yashi. Abin da ya ceci Annecy mutanen da suka san shi ne, suka kuma yarda su biya. Idan ƴaƴan jihar Maraɗi suka girma ba su taɓa ganin Madarunfa ba, ranar da ɗayansu zai zama magajin gari ko ɗan majalisa a kawo masa maganar yashe tafkin, zai ji ta kamar labarin wata ƙasa.

Ba ya cewa a kwaikwayi Turawa. Manomin Kanambakashe ba shi da albashi balle hutun albashi, kuma ba a bukatar otal ko laimar dirowa kafin yaro ya san ƙasarsu. Abin da ake bukata bai wuce mota ɗaya, da tiyar hatsi daga kowane gida, da aji biyu na aro, da tsoho mai labari ba. Wannan kuwa bai fi ƙarfin ƙungiyar iyaye ko ƙungiyar raya al'adu ba, musamman idan makarantun gundumomi suka ƙulla zumunci: na Madarunfa su sauki na Mayahi a hunturu, na Mayahi su sauke su wata shekara su nuna musu dajin goruba da yadda ake jan ruwa daga rijiya mai gaba talatin, wanda shi ma abin mamaki ne ga ɗan bakin tafki.

Ya san kuma zamani ya sauya. Daga wajen 2019 ta'asar ƴan bindiga a kan iyaka ta koro dubban mutane daga Najeriya zuwa jihar Maraɗi, ta kuma taɓa ƙauyukan kudancin gundumar Madarunfa. Malamin da zai ɗauki ƴaƴan mutane yau dole ya fara tuntuɓar hukuma da mutanen wurin, in an ce a dakata ya dakata. Amma dakatawa daban, mantuwa daban.

Yarinyar nan da ta tsoma hannu a ruwa yanzu malama ce a Tasawa. Ba ta samu halin kai ɗalibanta Madarunfa ba tukuna. Abin da take yi shi ne, kowane ƙarshen damina ta fita da su zuwa ɗaya daga cikin tafkunan da ke cikin garin, waɗanda kowa yake wucewa ta gefensu yana toshe hanci saboda shara da leda. Sun kafa sanda mai zane a gefe, duk mako yaro ɗaya ya je ya duba inda ruwa ya tsaya ya rubuta a littafi, har ranar da ya ƙafe. Sun nemi tsofaffin unguwa sun ba su sunan tafkin da dalilin sunan, da shekarun da ya yi ambaliya ya ci gidaje. Iyayen wasu daga cikin yaran sun daina zuba shara a wurin, don ƴaƴansu sun hana su sakat.

Da ta zo Mayahi gaishe shi da Sallah ta kawo masa littafin ya gani. Ya sa tabarau ya bi shi shafi-shafi, ranaku a hagu, tsayin ruwa a dama, da rubutun yara iri-iri. Ta ce: "Baba, ka yi haƙuri, namu tafkin ƙarami ne, kuma yana ƙafewa."

Ya rufe littafin ya miƙa mata da hannu biyu. Ya ce: "Ƴata, ko ba komai su sun san watan da nasu yake ƙafewa. Allah Ya yi miki albarka. In hanya ta yi kyau, ki kai su su ga babban."